Tafiyarmu Bukkuyum: daga ƙurar dalma zuwa kwalbar ƙarin jini

Idan kun buɗe taswirar Jihar Zamfara kuka kai ido yamma, za ku ga garuruwa uku sun jeru kusan a layi ɗaya: Anka daga gabas, Gummi daga yamma, Bukkuyum kuma a tsakiyarsu. Gulbin Zamfara ya ratsa ƙasar, Gulbin Ka kuma yana can kudu. Ƙaramar hukumar Bukkuyum ta haura murabba'in kilomita 3,000, kuma a ƙidayar 2006 an samu sama da mutum 200,000 a cikinta. Cikin garuruwanta akwai Nasarawar Burkullu da Gwashi da Masama da Adabka da Zugu da Zauma. Kafin a ƙirƙiro Jihar Zamfara ranar 1 ga Oktoban 1996, duk wannan yanki yana cikin Jihar Sakkwato ne, kuma har gobe kunne yana jin haka a harshen mutane. Mai shayin da ya fara tarbar mu “mi za a ba ku?” ya ce, ba “me” ba.

Daga Gusau muka tashi da sassafe, muka bi ta Bungudu da Maru, muka karya kwana a Mayanchi muka nufi Anka, mazaunin Sarkin Zamfara. Kowa ya san halin da yankin yake ciki game da 'yan bindiga, don haka direbobi ba sa son rana ta faɗi suna kan hanya, mu ma ba mu yi musu gardama ba. Gefen titi gonakin gero ne da dawa da wake da gyaɗa, sai kukoki manya da suka girmi kakanninmu, sai kuma nan da can tsibin jar ƙasa inda aka taɓa haƙar zinare.

Kasuwa muka fara shiga a Bukkuyum, domin a nan ake sanin gari. Ga masu hatsi da kwanon awo, ga 'yan koli, ga mata da ƙullin kuka da daddawa da busasshen zogale, ga mahauta suna kaɗa ƙuda. A bakin wata rumfa kuma wani saurayi ya baje faranti cike da magunguna, rana tana dukan su kai tsaye. Akwai kwalabe masu hoton ƙaton mutum ya ɗaga damtse, akwai masu hoton yarinya kumatu sun cika, akwai jajayen ƙwayoyi a ƙulle cikin leda babu suna babu kwanan wata. Muna tsaye wata yarinya da ba ta wuce shekara 15 ba ta zo da kuɗi a hannu.

“Yaya, a ba ni na ƙarin jini da na cin abinci,” in ji ta.

Ya miƙa mata kwalba ɗaya da kati biyu, ya ƙara da cewa in tana son ya yi aiki da wuri ta riƙa shan bibbiyu. Bai tambaye ta me ke damun ta ba, ita ma ba ta tambayi abin da ke cikin kwalbar ba. Irin wannan ciniki ana yin sa kullum a Kano da Katsina da Zariya da Maraɗi, babu mai ɗaga kai. Abin da ya sa ya tsaya mana a rai a nan shi ne, ƙasar Bukkuyum ta taɓa biyan kuɗi mai tsada kafin ta koyi yadda abu ke shiga jiki kaɗan-kaɗan ya taru ba a sani ba.

Yawancinku kuna goye ko ma ba a haife ku ba a 2010, don haka bari mu ba ku labarin. A farkon wannan shekara mutanen wasu ƙauyuka suka lura agwagi suna ta mutuwa. Daga baya sai yara ƙanana suka fara amai, suna ciwon ciki, suna jijjiga, suna rasuwa. Aka yi zaton sanƙarau ne ko zazzaɓin cizon sauro, aka yi ta ba da magani, bai yi aiki ba. A watan Maris ma'aikatan ƙungiyar likitoci ta MSF, waɗanda suke zagayen sa ido kan sanƙarau, suka ci karo da yawan sababbin kaburburan yara. Da aka gwada jinin yaran sai aka gano gubar dalma ce.

Daga ina ta fito? Farashin zinare ya tashi a duniya a waɗannan shekaru, mutane suka koma haƙa. Duwatsun da suke haƙowa suna ɗauke da dalma mai yawa tare da zinaren. Ana kawo su gida, a farfasa, a niƙa su a injin irin na niƙa hatsi, a wanke, a shanya a tsakar gida inda yara ke rarrafe. Ƙurar ta sauka a ƙasa da tabarma da kwanon abinci, yaro ya taɓa ya kai hannu baki. Masu bincike daga hukumar yaƙi da cututtuka ta Amurka da takwarorinsu na Najeriya sun shiga ƙauyuka biyu a watannin Mayu da Yuni, wato 'Yargalma a nan Bukkuyum da Dareta a Anka. Sun gano cewa cikin yara 463 'yan ƙasa da shekara 5, guda 118 sun rasu a cikin shekara ɗaya. Ku yi lissafin da kanku: kusan ɗaya cikin kowane huɗu ke nan. Na'urar gwajin jinin da aka zo da ita tana tsayawa ne a 65, amma jinin yara da yawa ya wuce abin da za ta iya karantawa. Gaba ɗaya yaran da suka rasu a yankin sun kai 400 ko fiye.

A babban asibitin Bukkuyum da na Anka aka buɗe ɗakunan jinya. Maganin da aka ba yaran, DMSA, yana da wari irin na ruɓaɓɓen ƙwai, kuma aikinsa shi ne ya kama dalmar da ke yawo a jini ya fitar da ita ta fitsari. Ana shan sa na makonni, wasu yaran sai an maimaita musu sau da dama. Likitoci suka ce babu amfanin a wanke jinin yaro a mayar da shi gidan da ƙasarsa ke cike da guba, saboda haka aka bi gida-gida ana kankare saman ƙasa ana zuba sabuwa. Bagega, babban garin da abin ya shafa a Anka, sai 2013 aka yi masa nasa aikin. MSF ta ci gaba da jinyar yara har sai da ta miƙa aikin ga hukumomin jiha a 2022. Mun so mu ƙarasa 'Yargalma mu ga wurin da idonmu, amma masu masaukinmu suka ce mu haƙura saboda yanayin hanya.

To, mene ne haɗin wannan da farantin saurayin nan na kasuwa? Dalma guba ce zalla, jiki ba ya buƙatar ko ɗigonta. Bitamin kuwa jiki na buƙatarsa, rashinsa cuta ne. Wannan bambanci babba ne, kada wani ya fita ya ce jarida ta ce bitamin guba ne. Inda suka yi kama shi ne, wasu daga cikin abubuwan da ke cikin kwalaben nan, in sun shiga jiki ba sa fita da sauƙi. Suna zaune suna ƙaruwa, mai su bai ji komai ba, sai ranar da ma'aji ya cika.

Malaminku na nazarin halittu ya faɗa muku bitamin iri biyu ne. Akwai masu narkewa a ruwa, wato C da dangin B. Yawancin rarar waɗannan ƙoda ce ke zubar da ita. Duk wanda ya taɓa shan ƙwayar bitamin B ya ga fitsarinsa ya koma rawaya shar, to B2 ne da jiki bai buƙata ba yake ficewa. Wasu suna ɗaukar wannan launi alamar magani na aiki, alhali kuɗinsu ne ke bin makwarara. Ko su ma masu narkewa a ruwan suna da iyaka. Bitamin C in ya haura miligiram 2,000 a rana yakan sa gudawa da murɗar ciki, ya kuma taimaka wajen haɗuwar tsakuwa a ƙoda ga masu wannan hali. B6 mai yawa na tsawon watanni yana lalata jijiyoyi, mutum ya riƙa jin hannu da ƙafa suna masa tsiyaya kamar ana tsira masa allura.

Sai masu narkewa a mai: A da D da E da K. Su waɗannan hanta da kitse ne ke ajiye su. Mu ɗauki bitamin A, domin shi ne aka fi samu a kwalaben da ake sayarwa. Saurayi ɗan shekara 14 zuwa 18 yana buƙatar maikurogiram 900 a rana, budurwa 700. Iyakar da masana suka ce kada ɗan wannan shekaru ya riƙa wucewa kullum ita ce 2,800. Yanzu ku ɗauko biro. Ƙwayoyin bitamin da yawa an rubuta musu 5,000 IU na bitamin A, wanda ya yi daidai da maikurogiram 1,500. Guda ɗaya ta riga ta wuce buƙatar yini. Guda biyu, kamar yadda aka shawarci yarinyar nan, sun zama 3,000, an tsallake iyaka ke nan tun ba a lissafa abin da ke cikin kwalbar ruwan da ta haɗa da su ba, balle abincin da za ta ci. Kwana ɗaya ko biyu ba zai nuna ba. Amma in aka ɗauki watanni a haka, sai ciwon kai da ba ya jin magani, fata ta bushe, leɓe ya tsattsage, gashi ya fara zuba, ƙasusuwa su riƙa ciwo, hanta ta kumbura. Abin takaici, wanda ya ga gashinsa na zuba jikinsa ba ƙarfi, sau da yawa abin da yake fara yi shi ne ya ƙaro wata kwalbar.

Ga mace mai ciki abin ya fi haka nauyi, domin bitamin A mai yawa a watannin farko yana iya naƙasa jaririn da ke ciki. A ƙasar da ake aurar da 'yan mata da yawa suna da ƙuruciya, wannan magana ta shafi 'yan ajinku da yayyenku kai tsaye.

Wani zai ce, ai mun ga ma'aikatan lafiya suna ɗiga wa ƙannenmu bitamin A a makon lafiyar mata da yara. Haka ne, kuma abin da ke cikin ɗan kafson nan ba kaɗan ba ne. Shuɗin, na jarirai 'yan wata 6 zuwa 11, yana da 100,000 IU. Jan, na yara daga shekara 1 zuwa kusan 5, yana da 200,000 IU, wato daidai da ƙwayoyi 40 irin waɗanda muka lissafa ɗazu. Dalilin da ya sa ba ya cutarwa shi ne sau ɗaya ake ba da shi a cikin wata 4 zuwa 6, hanta ta ajiye ta riƙa fitarwa a hankali. Yana kare yara daga dundumi da makanta, yana rage mutuwa daga ƙyanda da gudawa. Shi ya sa ake rubutawa a kati. Uwar da ta zaga ta sake shiga layi a wata unguwa don ɗanta ya samu kashi biyu, tana ganin gata ta yi masa, amma abin da zai iya biyo baya shi ne amai da kuka ba ƙaƙƙautawa, in jariri ne maɗigarsa ta kumburo. Mai ciki kuwa ba a ba ta jan kafson nan ko kusa.

Akwai wani tsohon labari daga ƙarshen duniya da ke nuna ƙarfin wannan bitamin. A ƙarshen 1912 wasu masu binciken ƙasa, Douglas Mawson da Xavier Mertz, guzurinsu ya faɗa ramin ƙanƙara a nahiyar Antatika. Yunwa ta sa suka koma cin karnukan da ke ja musu kaya, har da hantarsu. Fatarsu ta riƙa saɓulewa, gashi ya zube, Mertz ya rasu a watan Janairun 1913. Likitoci da dama daga baya sun kyautata zaton bitamin A da ke cunkushe a hantar karnukan ne ya yi musu wannan illa. Hantar rago ko ta sa da ake tsire da ita a bakin tashar Bukkuyum ba ta kai nan ba, abinci ce mai kyau in ana ci jefi-jefi. Zogale da karas da manja da mangwaro kuwa wani nau'i suke ɗauke da shi wanda jiki ke juyawa zuwa bitamin A gwargwadon buƙatarsa, don haka ba a taɓa jin wanda kwaɗon zogale ya kai asibiti da wannan cuta ba. Iyakarta tafin hannu ya yi rawaya, ya kuma washe in an rage.

Kuma ku sani, tun daga 2002 doka ta wajabta a Najeriya a riƙa ƙara bitamin A a sukari da man girki da fulawa na kamfani. Hoton ido da kuke gani a jikin wasu buhuna da galan alamar hakan ce. Wanda ke shan shayi da burodi kowace safiya yana samun wani kaso bai sani ba.

Bitamin D ba za mu daɗe a kansa ba. Rana ce ke sa fata ta ƙera shi, kuma Bukkuyum ba ta rasa rana. Fata tana tsayawa da kanta in ya isa, amma ƙwaya ba ta san tsayawa ba. In ya yi yawa sinadarin kalsiyam yana hauhawa a jini, mutum ya yi ta ƙishi da yawan fitsari, ƙoda ta jigata.

Wanda ya fi ba mu tsoro a farantin nan shi ne sinadarin ƙarfe, wanda ake kira ayon, shi ne jigon duk abin da ake ce wa maganin ƙarin jini. Jiki ba shi da wata ƙofa ta musamman da yake fitar da rararsa. Abin da yake zubarwa a rana bai fi kamar miligiram 1 ba, sai kuma wanda mace ke rasawa a jinin al'ada. Saurayi na buƙatar miligiram 11 a rana daga abinci, budurwa 15. Ƙwayar da ake ba mata a wurin awon ciki kuwa tana da miligiram 60. Ga mai ciki wannan daidai ne, tana buƙatarsa, kuma kada ta bari. Matsalar tana ga ƙaramin yaron da ke gidan. Ƙwayoyin jajaye ne, masu sheƙi, wasu da zaƙi a bayansu, kamar alawa. Likitoci suna lissafin gubar ayon da nauyin jiki: daga miligiram 20 a kowane kilo alamu ke farawa, daga 60 a kowane kilo kuwa rai na cikin haɗari. Yaro mai kilo 10, wato ɗan shekara ɗaya da 'yan watanni, in ya haɗiye guda 10 ya sha miligiram 600. Ku raba da 10 ku ga inda ya faɗa.

Yadda gubar ke tafiya shi ne abin da ke yaudarar iyaye. A sa'o'i 6 na farko yaro zai yi amai da gudawa, wani lokaci da jini. Daga nan sai ya lafa, ya yi barci, har ya nemi nono ko ya tashi wasa. Gida ya ce Alhamdulillahi, ya amayar da shi. A daidai wannan lokaci ayon ɗin ya bar hanji ya shiga jini yana cin hanta da zuciya. Bayan kwana ɗaya ko biyu yaro ya sake zubewa, jiki ya yi sanyi, ido ya yi rawaya, kuma a lokacin ceto ya yi wuya. Maganin wannan guba a asibiti, mai suna deferoxamine, ɗan uwan DMSA ne a wajen aiki: kama ƙarfen yake yi ya fitar da shi ta fitsari. Wato yaron da ya shanye maganin ƙarin jinin mahaifiyarsa irin jinyar yaran 'Yargalma yake buƙata. A Amurka ma an daɗe ƙwayoyin ayon suna cikin manyan abubuwan da ke kashe ƙananan yara ta hanyar guba a gida, har a 1997 hukumar magunguna ta ƙasar ta wajabta rubuta gargaɗi a jikin kwalabensu.

Akwai kuma masu sikila, waɗanda kusan kowace makaranta tana da su. Da an ga idonsu ya yi fari sai 'yan uwa su yi ta kawo kwalaben ƙarin jini. Ƙarancin jininsu ba daga rashin ayon yake ba, ƙwayoyin jinin ne ke saurin fashewa, kuma wanda ake yawan ƙara wa jini a asibiti ayon ya riga ya yi masa yawa. Folik asid aka saba rubuta musu, ayon kuwa sai in likita ya gwada ya ga babu. Haka nan ƙarancin jini na iya zuwa daga zazzaɓin cizon sauro, ko tsutsar ciki, ko tsargiya ga masu wanka a gulbi, ko ma ita kanta dalma, domin tana hana jiki ƙera jini. Duk waɗannan kwalba ba ta maganinsu. Gwajin jini na 'yan mintuna ne ke nuna inda za a dosa.

Mun ɗauki ɗaya daga cikin kwalaben masu hoton kumatu muka juya bayanta. A gaba an rubuta bitamin da manyan baƙaƙe, a baya da ƙanana akwai cyproheptadine, maganin ƙaiƙayi da mura wanda ke buɗe ciki ya kuma sa barci. Shi ya sa wasu 'yan mata ke gyangyaɗi a darasin farko. Wanda ya fi shi muni shi ne haɗin da ake kira “sha ka fashe”, inda ake cusa dexamethasone. Ƙibar da yake kawowa ruwa ne da kitse a fuska da ciki, tare da hawan jini da ciwon suga da raunin ƙashi, kuma wanda ya daɗe yana sha in ya yanke rana ɗaya zai iya faɗuwa, sai likita ya rage masa a hankali. A ganinmu masu tsokanar yarinya da “siririya kamar sillen kara” suna da kaso a wannan ciniki. Samari ma ba su tsira ba. Da jarrabawar WAEC ko NECO ta matso sai a fara yawo da ƙwayoyin “buɗe ƙwaƙwalwa”. Wanda jikinsa bai rasa bitamin ba, ƙari ba zai sa ya tuna abin da bai karanta ba.

Duk da haka, in za a faɗi gaskiya, rashi ya fi yawa a wannan yanki fiye da rara. Rikici ya hana mutane da yawa zuwa gonakinsu, kuma cibiyoyin kula da tamowa a Zamfara suna cika da yara duk damina. Yaron da ba shi da isasshen ayon da kalsiyam, hanjinsa ya fi saurin zuƙar dalma in ya ci karo da ita, don haka a ƙasa irin wannan abinci mai gina jiki kariya ce ta biyu. Ga irin waɗannan yara da mata masu ciki, bitamin da ayon da ma'aikacin lafiya ya auna ya bayar ceton rai ne. Abin da ke ba da haushi shi ne gidan da kuɗin cefane bai isa ba, a ɗauki abin da zai sayi wake da ƙwai na kwanaki a ba mai faranti.

Da muka koma cikin kasuwar da wannan ido sai muka ga kantin magani ne guda a shimfiɗe a ƙasa. Wake da gero da ganyen alayyafo da rama suna da ayon. Garin ɗan kuka da ake dama kwalba da nono da shi yana da bitamin C sosai, haka gwaiba da lemo da tumatir, kuma bitamin C yana taimaka wa hanji ya zuƙi ayon na ganye da hatsi. Shayi kuwa akasin haka yake yi, don haka mai ƙarancin jini gara ya raba shi da lokacin cin abinci da kamar awa guda. Wata dattijuwa mai sayar da zogale ta ji muna wannan lissafi ta yi dariya.

“'Ya'yan nan, sai yau kuka sani? Da shi muka yi goyo tara.”

Da la'asar muka zauna a wani kemis mai rajista, inda mai shagon, wanda ya manyanta, ya nuna mana yadda yake duba kaya kafin ya karɓa: lambar NAFDAC, ranar lalacewa, sai jerin abin da ke ciki da adadinsa. Ya ce abin da ya fi ba shi wahala shi ne mutum ya zo da kwalabe uku masu suna daban-daban yana sha tare, bai san abu ɗaya ne a cikinsu ba. Ya ajiye mana uku a kan teburi, muka karanta, ko wace tana da bitamin A, biyu suna da ayon. Lambar NAFDAC tana nuna an yi wa magani rajista ne, ba ta cewa kai kana buƙatarsa, kuma ba ta cewa a sha bibbiyu.

Da yawa daga cikinku ku ne masu karatu a gidajenku. Ku ake miƙa wa takardar asibiti ku karanta, ku ake aike kemis, ku ke riƙe ƙanne in Inna ta fita. Ku duba inda take ajiye ƙwayoyin awonta. In a ƙarƙashin filo ne, ko cikin kwanon da ke bakin gado, ko a jakar da yaro ke wasa da ita, a mayar da su cikin akwati mai makulli ko can saman kabad. Kada a riƙa ce wa yaro magani alawa ce don ya yarda ya sha. In kuwa kuka tarar da ƙaninku da katin magani a buɗe, bakinsa ya yi ja, kada a tsaya ɗura masa manja ko madara ko ruwan gishiri, kada a sa masa yatsa a maƙogwaro, kuma kada a jira a ga ko zai yi amai. A nufi asibiti mafi kusa nan take, ko da yana dariya. Ku ɗauki katin ko kwalbar ku tafi da ita, ku ƙirga guda nawa suka rage, ku kuma riƙe ƙarfe nawa abin ya faru, domin waɗannan ne tambayoyin farko da likita zai yi muku.